Wanda Ya Tare Gawar Sherif Hobart

"Kwanta, tsohuwa. Na ce kwanta!"

Verna Holcomb ba ta kwanta ba. Ta tsaya bayan kantar bankin, tabarau a hannu, tana duban bindigar ɗan fashi Pruitt kamar an miƙo mata cokali mai datti. Abokin fashinsa Coy ya haura kantar ya finciko ta daga kusa da maɓallin da ke ƙarƙashin tebur, wanda in an danna shi ƙararrawa ke bugawa a ofishin Sherif, shugaban 'yan sandan gunduma. Ya hankaɗa ta. Ta yi taga-taga ta zube a kan gwiwa.

Na ukunsu, Orrin Baskett, yana bakin ƙofa, fuska a rufe kamar ta sauran, ido a kan titi. Titin ba ko kare. Garin Vesper kakaf ya tafi coci, don ranar ake binne tsohon Sherif Hobart Stroud, kuma motocin ofishin Sherif duka uku suna can rakiyar gawa. Orrin ne ya zaɓi ranar. Shi ne kuma ya tabbatar wa Pruitt cewa sabuwar ma'aikaciyar nan da ba ta san kowa ba, ita za a bari a banki. Ina zai sani ɗanta ya kwana da zazzaɓi, Verna ta ce mata ta zauna gida, ita ta haƙura da jana'izar?

Ya san bai kamata ya bar ƙofar ba. Amma matar nan ita ta koyar da shi a makarantar Lahadi, kunnensa ya sha murɗa a hannunta. Ƙafarsa ce ta kai shi. Ya sunkuya ya miƙa mata hannun hagu. Ta kama. Safar hannun ta lotse a wurin yatsu biyu na ƙarshe, waɗanda injin ɗaure ciyawa ya cinye tun yana saurayi. Ta ƙara matsa wurin, ta ɗago kai.

"Orrin Baskett," in ji ta. "Yau? Duk ranakun Allah, yau ka zaɓa?"

Pruitt ya daina tura kuɗi cikin jaka. Mutumin birnin Tulsa ne, siriri, shi ne ogan tafiyar, kuma in ransa ya ɓaci da gaske muryarsa ƙasa take yi.

"To, Inna," ya ce a hankali, "kin saya wa kanki tafiya."

"Oga, a kulle ta a ɗakin ajiya mu ware," in ji Orrin. "Ba mai leƙowa nan sai an watse daga maƙabarta."

"In an watse fa? Ta manta sunanka? In sun kama ka sun kama ni. Kofi ɗaya za su ba ka ka fara rera musu sunayenmu."

"Mun yi da kai ba za a taɓa kowa ba."

"Mun yi da kai ba za ka tsaya gaishe-gaishe ba. Coy, ɗauko ta."

Suka fita ta ƙofar baya. A-kori-kurar da suka sato tana nan, mai ƙofa huɗu. Coy ya tura Verna ƙasan kujerar baya ya ɗora mata takalmi a gadon baya. Pruitt ya shiga gaba, ya cusa jakar tsakanin ƙafafunsa. Orrin ya ba motar wuta, suka hau hanyar yamma. Tsarin mai sauƙi ne: maƙabarta tana gabas, su kuwa yamma, har gadar kogin da gundumar Cully ta ƙare. A ƙetaren gadar, cikin itatuwa, wata mota na jiransu.

Pruitt ya tuɓe abin da ya rufe fuskarsa ya jefar. Orrin ya ga haka, ya gane. Wanda ya bar shaida ta ga fuskarsa ya riga ya gama shawara a kanta.

"A gada za mu sauke ta," in ji Pruitt. "Kogin ya cika kwanan nan."

Orrin ya cire nasa abin rufe fuskar, ya ɗora malafarsa ya danno ta goshi.

Hanyar nan ya san ta fiye da tsakar ɗakinsa. Shekarunsa na ƙarfi duka a kanta suka ƙare, yana mataimakin Hobart. Ga kwanar da ya sha korar shanun mutane daga titi cikin ƙanƙara. Ga gidan da ya ƙwanƙwasa da malafa a hannu, ya gaya wa uwa cewa ɗanta ba zai dawo ba. Ga gonar da ya kai takardar kotu ta tashi, sannan ya tuɓe riga ya taya su loda kujeru a mota. Ya raba miji da mata suna jifan juna da tukwane, ya dafa wa fursunoni wake da hannunsa ranar da mai girki ta haihu, ya leƙa tsofaffin da aka kwana biyu ba a ji motsinsu ba. Da ciwo ya kwantar da Hobart, Orrin ya tsaya takarar kujerar, yana ganin tasa ce. Mutanen da ya yi wa duk wannan suka shiga rumfar zaɓe suka zaɓi Maxine Tolliver. Ranar da ta shiga ofis ta karɓe tauraron ƙirjinsa, alamar aikinsa, kamar yadda kowane sabon Sherif ke yi wa wanda ya yi takara da shi. Daga nan sai kwalba. Daga kwalba sai Pruitt, wanda ya taɓa kwana a kurkukun gunduma Orrin yana kai masa abinci.

Ba talauci ne ya kai shi bankin ba, kada wani ya yi masa wannan uzurin. Haushi ne. So yake a yi wa Maxine fashi a tsakiyar garinta da rana tsaka, gunduma ta ga abin da ta zaɓa. Ko yanzu bai ji nadamar wannan ba. Abin da ya tsaya masa a wuya ita ce tsohuwar da ke kwance bayansa.

"Ɗan nan, ɗauke ƙafarka daga bayana," in ji Verna. "Ba tabarma ba ce ni."

"Yi mana shiru, Inna," in ji Coy. Daga gundumar maƙwabta yake, ƙato ne amma tsoro ya yi masa yawa, gumi har ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ɗan gidan wa ne kai? Muryarka ta yi kama da ta mutanen Ledbetter."

"Oga, ka ji ta ko? Ka ji ta?"

"Bar ta ta yi ta magana," in ji Pruitt. "Ta kusa hutawa."

"Orrin," ta ce, "uwarka ta san da waɗanda kake yawo?"

"Inna Verna, don Allah ki yi shiru."

"Ba zan yi ba. In kashe ni za ku yi, da bakina a buɗe za ku yi shi."

Orrin ya dubi hanya. "Oga, akwai tsohon rumbun hatsi nan gaba. A ɗaure ta a ciki. Kafin a same ta mun ƙetare jiha biyu. Ka riƙe kasona, ba na so."

"Kasonka?" Pruitt ya yi 'yar dariya. "Wa ya ce maka har yanzu kai ke da ikon bayar da shi? Taka mota, ɗan sanda."

"Ni ba..."

"Kuma kai za ka yi aikin. Sunanka ta kira, ba nawa ba. In hannunka ya ɓaci, na san bakinka zai rufu."

Orrin ya duba hagu, ya duba dama. Alkama ce har iyakar gani, ba gida, ba mutum. In ya jefa motar rami a nan, Pruitt zai fito ya harbe su biyun, ya kama gabansa a ƙasa. Ya ci gaba da tuƙi. Saura tudu ɗaya su hango gadar.

* * *

A bayan tudun, Sherif Maxine Tolliver tana tafe a hankali, fitilun saman motarta suna juyawa ba jiniya. Bayanta motar gawa, bayan wannan motar iyali, sannan gundumar Cully gaba ɗaya, kowa ya kunna fitila.

Ba nan ce hanyar da aka tsara ba. A ƙofar coci ne Opal, matar mamacin, ta kama hannun rigarta.

"Maxine, a bi da shi gona."

"Mama Opal, maƙabarta tana gabas. Gonar kuwa..."

"Na san inda gonata take. Tun da aka kwantar da shi asibiti bai ga shanunsa ba. A bi da shi ya gani."

Maxine ba ta ƙara ba. Rakiyar gawa aikin ofishinta ne, na mai gona dubu da na wanda ya mutu a gidan haya duk ɗaya, kuma inda iyali suka ce a bi nan ake bi. Ta sa mataimaki ɗaya a wutsiyar jerin, ɗaya yana riga su zuwa mararraba yana tare hanya. Suka bi ta bayan gari, hanyar burji, suka zagaya gonar. Shanu suka ɗago kai suka kalli motocin, suka koma kiwonsu. Yanzu sun hau kwalta, sun nufo gari ta hanyar yamma.

Ta san abin da rabin mutanen da ke bayanta ke cewa: ba ta kai ta ja gawar Hobart ba. Ko a jikinta. Ita aka zaɓa, ita za ta ja.

Oba-obarta ta yi ƙara. Faye ce, wadda aka bari ita kaɗai a ofis tana amsa waya.

"Sherif, wai bijimin Dunaway ya sake fasa shinge."

"Ya jira. Akwai wani abu?"

"Babu. Gari lafiya lau."

* * *

Da a-kori-kurar ta hau kan tudun, Pruitt ya zabura. Fitilu ja da shuɗi, bayansu jerin motoci har ƙarshen gani. Kan ka ce kwabo bakin bindiga yana haƙarƙarin Orrin.

"Ka sayar da mu, ɗan iska."

"Buɗe idonka. Gawa ce."

"Ka ce gabas za su yi."

"Sun bi da shi gona." Sai yanzu Orrin ya gano. Ya kamata ya san Opal za ta nemi haka. Da ya je gaisuwa ko sau ɗaya, da ya ji.

"To wuce su. Kada ka rage gudu."

"A'a, Oga, a'a," in ji Coy daga baya. "Ba a wuce gawa a nan. Tsayawa ake yi. Dubi can."

Gabansu motar abincin dabbobi ta riga ta sauka gefen titi. Gaba da ita wani mai tarakta ya kashe inji ya sauko, malafa a ƙirji.

"A wannan hannun ma? Ai ba hannunsu muke ba."

"Kowane hannu," in ji Orrin. "Ka gifta gawa da gudu a gundumar nan, Sherif za ta bar jerin ta bi ka, ko da fasto ne kai. In ka tsaya, ba mai ƙara kallonka."

Pruitt ya yi tsaki. "Ƙauyawan banza. Tsaya. Amma kada ka kashe inji. Ka sunkuyar da kai. Coy, in ta yi tari, ka san abin yi."

Orrin ya sauka gefen titi ya tsaya. Motar Sherif tana matsowa, tafiyar da mai keke zai iya wuce ta. Da zarar motar ƙarshe ta gifta, ba sauran kowa tsakanin Verna da kogi.

"Hobart ne?" in ji Verna daga ƙasa. "Ku ɗaga ni in gan shi."

"Kwanta," in ji Coy.

"Shekara nawa muna benci ɗaya da matarsa a coci. Ku bar ni in ga wucewarsa, sannan ku yi abin da za ku yi."

"Inna, in kika ƙara magana ba za ki kai gada ba," in ji Pruitt, ko waiwayowa bai yi ba.

Daga inda Verna take kwance ba abin da take gani sai ƙeyar direba.

"Orrin Baskett," ta ce, "cire hularka. Mutumin da ya mayar da kai mutum ne yake wucewa."

"Kada ka kuskura," in ji Pruitt.

Orrin ya ɗaga hannu ya cire malafar, ya ɗora ta a ƙirji.

"Kowa ya cire, Oga. Wanda bai cire ba shi ake kallo."

Motar Sherif ta iso daidai tagarsa. Maxine ta juyo. Idonta ya sauka a fuskarsa, ya ɗan tsaya. Bindigar Pruitt tana ƙasa inda ba a gani, tana huda masa ciki. Orrin ya zuba mata ido, yana roƙon Allah ta ga baƙon da ke gefensa, ta ga motar ba tasa ba ce, ta ga wani abu. Ita kuwa abin da ta gani shi ne tsohon abokin hamayya wanda ya ƙi zuwa coci amma ya tsaya a hanya. Ta ɗan kaɗa masa kai, ta wuce.

Haushi ya turnuƙe shi. Matar nan ko gobara aka kunna a gabanta sai an rubuto mata. Ga motar gawa tana tafe, baƙa, tsakaninta da motar Sherif bai fi tsawon mota huɗu ba. Abu ɗaya ne zai sa Maxine ta taka birki yanzu, kuma shi ne abin da ba ɗan gundumar nan da ya taɓa yi, a buge ko a natse. Ya san in ya yi, ba da fashin za a riƙa tuna shi ba. Ya tuna kuma a duk cikin motar, ƙasan kujerar baya ne wurin da ya fi tsira.

"Inna Verna," ya ce, "rufe kanki."

"Me ka..."

Ya murɗa sitiyari ya take mai har ƙasa!

Taya ta yi kuka. A-kori-kurar ta yi tsalle ta haye kwalta — ta gifta hancin motar gawa, saura ƙiris — direban gawar ya taka birki, na bayansa ya taka, ƙarar birki ta bi jerin har bayan tudu. Orrin ya kwanta a kan odar motar. Pruitt ya danna kunama.

Tau!

Wani abu mai zafi ya tsaga masa ciki. Bai saki sitiyari ba. Ya nufi ƙaton gungumen da ke riƙe da kusurwar shinge a ɗaya hannun, ya ba shi gefen Pruitt. Ƙarfe ya haɗu da itace. Gilashi ya tarwatse. Motar ta karkata ta kwanta cikin rami, ƙofar Pruitt a ƙasa. Coy ya tashi sama ya daki rufi, bindigarsa ta suɓuce.

Maxine ta riga ta fito, fistol a hannu, ƙofar motarta a buɗe.

"Kowa ya zauna a motarsa! Kowa!"

Pruitt ya tokare gilashin gaba da ƙafa ya rarrafo waje, jini ya rufe masa ido ɗaya, jaka a hagu, bindiga a dama.

"Jefar da ita!"

Ya harba. Fitilar saman motar Sherif ta fashe. Ya sake ɗagawa — Maxine ta riga shi. Tau! Tau! Ya ja da baya, ya zauna a kan wayar shinge, jakar ta faɗi. Bai ƙara motsi ba.

Ƙofar baya ta buɗe sama kamar murfin akwati. Coy ya leƙo, hannu biyu a sama, yana kuka da majina.

"Kada ku harba, ba ni da komai! Orrin ne, wallahi Orrin ne ya shirya komai. Shi ya zaɓi ranar, shi ya nuna mana maɓallin banki. Ni tayi aka yi min."

"Wane banki?" in ji Maxine.

"Namu," in ji wata murya daga cikin motar. "Zo ki ciro ni, Maxine. Ina zaune a kan bindigar wannan sakaran."

Mataimakin da ke gaba ya iso da gudu ya buga wa Coy ankwa. Aka ciro Verna, goshinta ya fashe amma da ƙafarta ta tsaya. Aka ciro Orrin aka jingina shi da taya. Rigarsa ta jiƙe daga haƙarƙari har cinya.

Maganar Sherif ba ta zaunar da kowa ba. Maza cikin baƙaƙen kwat suka sauko, wasu sun ciro bindigogin farauta daga bayan kujera. Ba su ji zancen banki ba tukuna. Abin da suka gani da idonsu ya ishe su.

"Baskett ne. Baskett ne ya tare gawar."

"Ɗan asara. Mutumin da ya riƙe ka kamar ɗa."

"Sherif, matsa mana."

Maxine ta shiga tsakaninsu da shi, ta mayar da fistol kube, ta ɗora hannu a kai.

"Mutumin nan a hannuna yake. Wanda ya ƙara taku ɗaya, tare da wancan mai kukan zai kwana. Dunaway, mayar da bindigar nan, kuma bijiminka yana kan titi. Ina masu motar asibiti?"

Suna cikin jerin, su biyu, manoma ne masu aikin sa-kai. Motar kuwa tana gari. Ɗaya ya juya da gudu ɗauko ta. Ɗayan ya ɗaga rigar Orrin, ya duba, ya dubi Sherif, ya girgiza kai. Verna ta ture shi, ta tuɓe rigar sanyinta ta dunƙule, ta durƙusa ta danne ciwon da hannu biyu.

"Sun ji miki ciwo, Inna?"

"Rufe min baki. Kada ka zaci gode maka zan yi. A gaban alƙali duka zan faɗa, na farko da na ƙarshe."

"Faɗi duka."

Maxine ta tsuguna kusa da shi. "Ai da ka yi min alama lokacin da nake wucewa."

"Na yi. Makauniya ce ke. Tun ran zaɓe na gaya musu."

"Ka dai ceci matar nan."

"Ba don ke na yi ba. Kuma an yi miki fashi da rana tsaka, ki rubuta wannan a rahotonki." Ya yi tari. "Me kike jira? Kin bar Hobart tsaye a titi. Ja shi ku tafi."

Mutane suka dare. Opal Stroud ce take tahowa, sanda a hannu, ba wanda ya yi ƙarfin halin riƙe ta. Ta dubi motar da ke rami, ta dubi gawar da ke kan shinge, ta saurari abin da Verna ta gaya mata cikin kalmomi kaɗan. Sannan ta tsaya a kan Orrin.

Shi da ya kalli bindigar Pruitt bai ƙifta ba, ya kasa ɗaga ido.

"Mama Opal..."

"Na aika gidanka, na sake aikawa. Ba ka nan."

"Ina can ina... ba na nan."

"Su biyar suka fito da shi daga coci. Mariƙi na shida a akwatin gawar na hana kowa kamawa. Shi ya ce naka ne, tun yana iya magana. Na ce ƙila ka same mu a maƙabarta."

Orrin ya dafa ƙasa da hannun nan mai yatsu uku ya yunƙura.

"Ku ɗaga ni."

"Zauna," in ji Verna.

"Ku ɗaga ni, na ce. Zan iya. Ba nisa daga motar gawa zuwa kabarin."

Ya sake yunƙurawa, har gwiwa ɗaya ta tashi. Sai ya koma jikin tayar, kansa ya langaɓe gefe.

Abin da aikin ranar ya ci ke nan. Pruitt a kan shinge, Orrin a jikin taya, duk ba rai. Coy ya tsufa a gidan yari, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa tayi aka yi masa. Jakar ta koma banki yadda ta fito. Su biyar suka sauke Hobart Stroud cikin kabari, da yamma, bayan an janye motar daga hanya. Har yau in aka ambaci Orrin Baskett a wurin shan kofi, ana samun mai tofar da yawu, ana samun mai yin shiru.

Amma a lokacin ba wanda ya motsa. Motoci suna jere har bayan tudu, fitilu a kunne cikin rana. Daga nesa aka fara jin jiniyar motar asibiti. Verna tana nan durƙushe, ta danne ciwon da dukan ƙarfinta, tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa a kan uwarsa da shan giya da abokan banza.

"Inna Verna," in ji Maxine. "Ya isa."

"Ga motar nan ta kusa."

"Ya isa, Inna."

Ba ta saki ba, sai da Sherif ta kama hannuwanta ta ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.